Martani: Fenti Sana'a Ce, Kada a Yaudari Magidanta

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa ya fitar kwanakin baya, inda ya shawarci kowane magidanci da ya daina kiran mai fenti, ya je kasuwa ya sayo rola da buroshi da bokiti, ya naɗe hannun riga ya shafe gidansa da kansa. Hujjojin Malam marubucin guda biyar ne in an tattara su: aikin ba shi da wuya, za a rage kashe kuɗi sosai, masu fenti sun cika ha'inci, Turawa ma da kansu suke yi, sannan kakanninmu ba su taɓa biyan wani don ya shafe musu ɗaki ba. Rubutun ya yi daɗin karatu, kuma na san mutane da yawa za su ɗauke shi hannu bibbiyu, domin duk wanda ya yi wa mutum maganar rage kashe kuɗi a wannan zamani to ya sosa masa inda yake yi masa ƙaiƙayi. Wannan ne ma dalilin da ya sa na ga bai kamata a bar maganar ta wuce haka ba.

Bari in fara da inda Malam ya yi gaskiya. Rayuwa ta yi tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, komai na gini ya tashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar 2024. Fenti bai tsira ba, domin wani ɓangare na sinadaran da ake haɗa shi da su daga waje ake shigo da su, da dala. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa naira 70,000 ne yana da haƙƙin ya tsaya ya yi lissafi kafin ya kira kowa. Haka kuma gaskiya ne akwai masu fenti marasa tsoron Allah: mai tsinka fenti da ruwa har ya koma kamar tsala, mai karkatar da galan ɗaya cikin biyar, mai karɓar kafin alƙalami ya kashe waya. Ban musa ko ɗaya ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne maganin da Malam ya rubuta wa wannan ciwo.

Kuskuren farko, wanda sauran duk suka rataya a kansa, shi ne ɗaukar cewa fenti shi ne jan rola a bango. Jan rola shi ne abin da mai wucewa yake gani, kuma shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Duk wanda ya zauna da gwanayen masu fenti zai ji suna cewa aikin yana ga gyaran bango. Kafin a buɗe bokiti sai an duba bangon an san ciwonsa, an kankare tsohon fentin da ya ɗago, an cike tsaga da ramuka, an goge da samfefa, an share ƙura, an sa shafar farko wadda za ta kama bango ta kuma ba fentin sama wurin kamawa. Wanda ya tsallake wannan, ko da fentin da ya fi kowanne tsada ya saya, bangon zai tona masa asiri kafin shekara ta zagayo.

Mu ɗauki sabon gini, tun da shi ne ya fi ruɗin mutane. An gama filasta, bango ya yi fari a ido, ango yana sauri domin 'yan jere sun sa rana. Abin da bai sani ba shi ne siminti yana ci gaba da bushewa da ƙarfafa daga ciki, kuma ƙa'idar da magina da kamfanonin fenti suka sani ita ce a ba sabuwar filasta kimanin mako huɗu kafin a rufe ta. Sabon siminti yana da kaifi irin na kanwa. In aka shafa masa fentin mai tun bai huce ba, kaifin nan yana cin man da ke cikin fentin, sai ka ga bango ya yi danƙo, launi ya sauya, ya fara saɓulewa. In fentin ruwa ne, laimar da aka kulle a ciki za ta nemi hanyar fita, ta tura fentin ya yi ƙuraje, ko ta fito da wani farin gari mai kama da gishiri. Mai fenti na ƙwarai zai dafa bangon ya ce, “Alhaji, a ƙara masa kwana, bai sha iska ba.” Magidancin da ya karanta rubutun Malam ba wanda zai faɗa masa haka.

Sai kuma tsohon gida, inda matsalar ta fi yawa. Ku duba gindin katangu a unguwanninmu na Kano ko Kaduna ko Maraɗi, za ku ga daga ƙasa zuwa wajen gwiwa fenti ya kumbura yana zuba. Mai gida yana ganin haka sai ya ce fenti ya tsufa, a sake. Alhali laima ce take hawowa daga ƙasa, domin lokacin gini ba a shimfiɗa abin da zai tare ta a kan harsashi ba, ko kwata tana bin gindin katangar, ko bututun banɗaki yana tsiyaya a cikin bango, ko indararo yana zubar da ruwa a jikinsa. Ko sau goma aka shafa, sau goma zai zube, har sai an kashe hanyar ruwan. Haka tsaga: akwai ta saman filasta mai sirin gashi wadda ake cikewa a wuce, akwai kuma wadda ta ratsa bulo, mai nuna harsashi yana motsi, wadda aikin birkila ce ko injiniya. Wanda bai san bambancinsu ba zai rufe su duka da fenti ya yi murna, alhali ya ɓoye wa kansa gargaɗi ne.

Akwai kuma sanin wane fenti ke hawa kan wane. Fentin ruwa ba ya kama bangon da aka yi wa fentin mai mai sheƙi, sai an kashe sheƙin da samfefa an sa abin da zai haɗa su. Bangon da aka saba yi wa farar ƙasa, wanda in ka shafa hannu yake bar maka gari a tafi, ba ya riƙe fenti sai an kankare shi ko an ɗaure garin. Ƙofar ƙarfe da get da tagogi sai an goge tsatsa an sa jan fentin da ke hana ta dawowa. Fentin cikin ɗaki in aka kai shi waje rana za ta cinye launinsa, ruwa ya wanke shi. Ɗakin girki da banɗaki suna son wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Malam ya ce mai shago zai yi wa mutum bayanin duk wannan. Mai shago a Ƙofar Ruwa ko a kasuwar Dei-Dei bai ga bangonka ba, kuma abin da ke kan kantarsa shi zai yaba maka.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hukuncin, kuma rubutun bai ambace shi ko sau ɗaya ba. A watan Afrilu zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40. Bangon da rana ta gasa tun hantsi yana shanye ruwan fenti nan take, ya bushe kafin ya kama, ya bar sawun rola layi-layi. Shi ya sa gwani yake bin inuwa, yana kewaya gida yadda rana ke juyawa. Da hunturu iska tana ɗauke da ƙura, ta manna ta a kan ɗanyen fenti, musamman na mai da yake kwana bai bushe ba. Da damina kuwa hadari yana iya haɗuwa cikin sa'a ɗaya ya wanke aikin yini. Shi ma'aikacin da Malam yake wa nasiha ba shi da zaɓin lokaci: Asabar da Lahadi kawai gare shi, ko kwana uku kafin Sallah. Dole ya yi a ranar da ya samu, ko ta dace ko ba ta dace ba, kuma dole ya yi sauri, ya ɗora shafa ta biyu kafin ta farko ta gama bushewa.

Mu zo kan kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan hujjar Malam. Ya lissafa kuɗin aikin mai fenti ya ce shi ke nan an tsira da shi. Lissafin bai cika ba. Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, wato kusan mita 3.6 kowane gefe, tsayin bango mita 3. Bangayen huɗu sun kai murabba'in mita 43, a cire ƙofa da taga a bar kimanin 39, a ƙara silin mai murabba'in mita 13, ya zama 52. Shafa biyu ta kai murabba'in mita 104. Fentin ruwa mai kyau a kan bango mai santsi lita ɗaya takan rufe wajen murabba'in mita 10, ke nan ɗakin yana cin lita 10 zuwa 11, rabin bokitin lita 20 da ɗan ɗori. Wannan a hannun wanda ya iya ne. Sabon shiga yana loda wa rola fenti ya zube a ƙasa, yana maimaita wuri ɗaya, yana barin wani wurin da dabbare-dabbare har sai ya yi shafa ta uku. In kuma filastar mai kaushi ce kuma bai sa shafar farko ba, bangon zai sha fentin ya ƙoshi kafin launi ya fito. Ta haka rabin bokiti yake komawa bokiti guda, kuma a yau kuɗin fenti mai kyau ba abin wasa ba ne.

A ƙara da kayan aiki. Rola da sandarta, buroshi babba da ƙarami, abin kankara, samfefa, abin cike tsaga, ledar rufe tayil da kujeru, tsani. Mai fenti yana da su, kuma kuɗinsu ya rabu a kan gidaje masu yawa. Magidanci zai saye su don aiki ɗaya, ya jefa su bayan ɗaki, buroshin ya ƙandare. A ƙara da ɓarnar da ba a lissafa ba: tayil da ya ɗiɗɗige, soket da makunnin fitila da aka shafe, gilashin taga, labule, kafet. A ƙara da kwanakin da ɗan kasuwa ya rufe shago ko ɗan acaɓa ya ajiye babur. Sannan babbar asara, wadda ba ta bayyana sai daga baya: aikin da ya kamata ya yi shekaru ya zube cikin damina ɗaya ko biyu, a kira mai fentin da aka guje wa tun farko, shi kuma ya caji kuɗin kankare ɓarnar kafin ya caji na sabon aiki. Bahaushe ya riga ya gama magana: araha ba ta ado.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a rubutun shi ne shirun da ya yi a kan haɗari. Fentin ɗaki a tsaye a ƙasa daban, fentin katangar waje ko bene daban. Wanda bai saba hawa tsani ba, ga bokiti a hannu ɗaya ga rola a ɗaya, yana miƙa jiki don ya kai kusurwa, faɗuwa ɗaya ta ishe shi karaya ko abin da ya fi haka. Kuɗin ɗori da jinyar wata uku sun ninka kuɗin aikin da aka yi wa rowa. A unguwanninmu wayoyin lantarki suna bin jikin katangu da saman rufin kwano, wasu ba rufi a jikinsu, wuta kuma ba ta sallama kafin ta dawo. Sandar rola ta ƙarfe ko tsanin ƙarfe in ya taɓa waya, sai dai addu'a. Fentin mai kuma ana tsinka shi da tina, wasu ma da fetur ko kananzir, ga ɗaki a rufe, ga uwargida ta kunna risho ko gas a tsakar gida. Tururin nan yana kama wuta, yana kuma sa jiri da ciwon kai, ya fi cutar da mai juna biyu da jariri da mai asma.

Sai gubar dalma, wadda ya kamata kowane uba ya san da ita. An daɗe ana zuba dalma a cikin fentin mai don launi ya fito ya kuma bushe da wuri, musamman rawaya da ja. Binciken da aka yi a kan fentin mai da ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya ya sami dalma mai yawa a cikin da dama daga cikinsu, fiye da ma'aunin kashi 90 cikin miliyan da Majalisar Ɗinkin Duniya take kira ga ƙasashe su tsaya a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa: tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. Mu a Arewa ba sai an ba mu labarin wannan guba ba. A shekarar 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dalma. Can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce kuma hanyar shigarta ɗaya ce: ƙura a ƙasa, yaro yana rarrafe, hannu zuwa baki. Yanzu a ce magidanci ya ɗauki samfefa ya goge tsohon fentin mai na ƙofofi da tagogi a bushe, yara suna wasa a gefensa, matarsa ta zo ta share da tsintsiya ƙurar ta tashi ta sauka a kan kwanukan abinci. Na yarda ba kowane mai fenti ne ya san wannan ba. Amma in an ba da aikin, ana iya kwashe iyali a kai su gidan dangi, a jiƙa wurin kafin a goge, a wanke ɗaki kafin su dawo. Mai yi da kansa a ranakun hutu yana yi ne iyali suna ciki.

Malam ya kafa hujja da Turawa. Gaskiya ne a Amurka da Ingila mutane da yawa suna fentin ɗakunansu, amma sai a duba dalili da yanayi. A can kuɗin hannun ma'aikaci shi ne mafi tsoka a cikin kuɗin aikin, don haka wanda ya yi da kansa ya tsira da abu mai yawa. A nan kuwa kaya ne suke cin kuɗi, hannun ma'aikaci yana da sauƙi, don haka abin da za a tsira da shi kaɗan ne, abin da za a iya ɓatawa kuma shi ne mai tsadar. Bangon cikin gidajen Amurka galibi allo ne mai santsi da aka yi a masana'anta, ba filastar da aka yi da yashin da aka samu ba. Kuma su kansu ba sa wasa da abin da na ambata: Amurka ta hana fentin gida mai dalma tun 1978, kuma tun 2010 doka ta wajabta wa ɗan kwangilar da zai taɓa fentin gidan da aka gina kafin 1978 ya sami horo da takardar shaida. In za mu yi koyi da su, mu ɗauko har da wannan.

Hujjar kakanni kuwa ita ce ta fi rauni, domin tarihin ginin Hausa ya ƙaryata ta. Gaskiya ne mata suna shafe ɗakunansu da farar ƙasa, suna taruwa su yi daɓe, maza suna yaɓen katanga kafin damina, ana kuma yin gayya. Amma aikin da ake so ya daɗe, na soro da zaure da fuskar gida, na magina ne, masu gadon sana'a da sarautarsu ta Sarkin Magina. Su suka san yadda ake jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa don ta hana ruwa cin bango. Su suka san haɗin laso, da katsi daga karofin marina, da gashin jima daga majema, da dafara. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19, sarakuna ne suke nemansa saboda abin da hannunsa ya iya. Zanen da ke fuskar tsofaffin gidajen Zariya da Kano da unguwar Birni a Damagaram ba masu gidajen ne suka tashi ranar hutu suka yi ba. A Jamhuriyar Nijar, masallacin Yama a yankin Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Kakanninmu sun raba aiki gida biyu: ƙaramin da kowa ke yi, da babban da ake kai wa gwani a biya shi. Abin da nake kira a kai ke nan, ba wani sabon abu ba.

Saura maganar ha'inci. In tela ya cinye maka yadi ba ka cewa daga yau kai za ka riƙa ɗinka rigarka, tela kake sauyawa, ka kuma koyi auna yadi. Haka abin yake a nan. Magidanci ya nemi mai fenti ta hanyar wanda ya taɓa ba shi aiki, ya je da ƙafarsa ya ga gidan da ya yi shekara biyu da suka wuce, domin aikin jiya kowa nasa yana sheƙi. Ya auna ɗakunansa ya yi lissafin da na nuna a sama, don in an ce masa ɗaki ɗaya zai ci bokiti biyu ya san akwai magana. Ya sayo fentin da kansa daga dilan da aka sani, ya duba murfi a rufe yake, a buɗe shi a gabansa, a tsinka shi gwargwadon abin da kamfani ya rubuta a jikin bokitin. A yi jinga a fili gaban shaida, in da hali a rubuta: ɗaki nawa, wane gyaran bango za a yi, shafa nawa, wa zai rufe kaya, wa zai wanke wuri, kwana nawa. Wannan ma shi ne abin da malaman fiƙihu suka shardanta a ijara, a san aikin a san ladan tun kafin a fara. Kada a biya duka a farko: wani abu na somawa, wani in an gama gyaran bango mai gida ya gani da idonsa, cikon kuma bayan an duba aikin da hasken rana. In ya cika alkawari a biya shi a ranar, ba tare da “dawo gobe” ba, domin mu ma masu ba da aiki muna da namu laifin. Da yawa daga masu tsinka fenti sun koyi halin ne a hannun mai gidan da ya matse kuɗin aiki har ya kai inda ba mai iya yinsa da gaskiya.

Kada a fahimce ni da cewa haramun ne mutum ya riƙe buroshi a gidansa. Akwai inda shawarar Malam ta zauna daidai. Ɗaki ɗaya na ciki, bangonsa lafiyayye, ba laima ba tsaga, an taɓa yi masa fentin ruwa, za a maimaita launi ɗaya ko mai kusa da shi, kuma hannu yana kaiwa ba sai an hau sama sosai ba: wannan mutum ya yi abinsa, Allah ya ba da sa'a. Haka shafe inda yara suka yi zane, ko farar ƙasa a katangar tsakar gida, ko ɗakin ajiya, ko shagon da ba a damu da kyansa ba. Wanda yake ƙauyen da ba mai fenti kusa, ko wanda da gaske ba shi da abin biya, ba wanda zai zarge shi. Ko shi ɗin ina ba shi shawara ya buɗe tagogi, ya fitar da yara, ya rufe hanci, ya fara da bangon da ke bayan ƙofa. Ɗan haya kuma ya nemi izinin mai gida tukuna, kada ya kashe kuɗinsa ya sayi rigima. Amma sabuwar filasta, bangon waje, bene, silin mai tsawo, bango mai laima, tsohon fentin mai, ƙarfe mai tsatsa, ɗakin amarya da falon baƙi, waɗannan a kai su ga mai sana'a. Laifin rubutun Malam shi ne ya ɗauki hukuncin ɗaki ɗaya ya shimfiɗa shi a kan gida duka.

Akwai wani ɓangare kuma da ya wuce aljihun mutum ɗaya. Kullum muna kuka matasa ba su da aikin yi, muna ce musu su kama sana'ar hannu. Fenti da ƙawata gini darasi ne da ake koyarwa a kwalejojin fasaha, hukumar NABTEB tana shirya jarrabawa a kansa, wasu kuma suna shafe shekaru a ƙarƙashin ubangida suna ɗaukar bokiti kafin a ba su rola. Yaron da ya yi wannan haƙuri, sai ya buɗe jarida ya ga an ce abin da ya koya kowa ma zai iya a yini ɗaya. Raina sana'a irin wannan shi ke sa masu kirki su bar ta, 'yan ci-da-ceto su cika ta, sannan mu dawo muna kukan babu gwanaye, har manyan gine-ginen Abuja da Legas a riƙa ɗauko masu aikin gamawa daga Togo da Jamhuriyar Benin. In muna son masu fenti na gaskiya, sai mun bambanta su da na bogi, mun biya su abin da ya dace, mun kuma yaba wa wanda ya yi da kyau a gaban wanda zai ba shi aiki gobe.

Saboda haka ina kira ga ɗan'uwana marubuci, cikin girmamawa, da ya sake duba shawararsa, domin akwai masu ƙaramin ƙarfi da za su bi ta su yi asarar ɗan abin da suka tara, wasu ma su jefa lafiyarsu da ta 'ya'yansu cikin haɗari. Kai kuma mai karatu, kafin ka sayi rola, tsaya ka dubi bangonka da kyau. In lafiyayye ne, ƙarami, kuma hannunka yana kaiwa, bismilla. In ka ga laima, ko tsaga, ko tsawo, ko tsohon fentin mai, nemi gwani, ku yi jinga a fili, ka tsaya a kan aikinka, ka biya shi haƙƙinsa. Allah ya sa mu dace.